Wainar kabejin Hiroshima da masu tuyar masa na Argungu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da sauran ma'aikata kuna lafiya, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu masu dogon rubutu. Don Allah a ɗan samo mani fili a shafin wasiƙu, magana ce a kan yawon buɗe ido a jiharmu ta Kebbi, wadda duk sanda aka ce bikin kamun kifi na Argungu ya gabato sai a taso da ita, a yi ta kiran miliyoyi, za a gina kaza za a gyara kaza, ana gama biki sai a naɗe tabarma kowa ya kama gabansa. Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne duk cikin masu maganar nan ban taɓa jin wanda ya tambaya ba, wai shin in baƙon ya gama kallo yunwa ta kama shi ina zai ci abinci, kuma me zai ci?

Abin da ya sa nake wannan tambaya, aiki ya taɓa kai ni Japan wani ɗan kwas na noman shinkafa, a yankin Hiroshima, mu da wasu 'yan Afirka da 'yan Asiya. Ranar hutu aka ɗebe mu zuwa ganin gari. Muka fara da filin tunawa da bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa ranar 6 ga Agusta 1945 da ƙarfe 8:15 na safe, muka ga ginin nan mai ƙubba da ya rage a tsaye, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, muka shiga gidan tarihin da ke wurin. Kafin ƙarshen shekarar 1945 mutum kusan 140,000 suka mutu a garin. Wanda ya shiga gidan tarihin nan ya fito ba ya iya magana, kowa shiru. Daga nan muka hau ɗan jirgin ƙasansu mai bin tsakiyar titi, muka yi fito zuwa tsibirin Miyajima inda jar ƙofar nan take tsaye cikin teku, barewa na yawo cikin mutane ba mai ko kallonsu da niyyar wuƙa, wanda in a wajenmu ne Allah kaɗai ya san tukunyar da za su kwana ciki. Duk wannan an gani an ɗauki hoto, to amma ba shi na zo faɗa ba.

Da yamma muka dawo cikin gari ƙafa ta gaji, sai ɗan jagoranmu ya shigar da mu wani lungu, ya ɗaga wani ɗan labule a bakin ƙofa muka shiga. Shagon wallahi bai kai wani shagon tela na babbar kasuwar Birnin Kebbi girma ba. Babu tebura, wani dogon faffaɗan ƙarfe ne kawai da wuta a ƙarƙashinsa, kujeru jere a gabansa, a bayansa wata tsohuwa da ɗanta. Kai da mai girkin ƙarfen nan ne kawai tsakaninku, duk abin da za ta sa maka a abinci idonka na kai. Muna zama aka miƙo wa kowa ɗan tawul mai ɗumi ya goge hannu da kofin ruwan sanyi, ba a tambayi ko sisi ba. Abincin sunansa okonomiyaki, shi kaɗai ake sayarwa a shagon, kuma shi ne abin da mutanen Hiroshima ke taƙama da shi.

Bari in faɗi yadda na ga ta yi shi, don a nan darasin yake. Ta ɗebo ƙullin fulawa mai ruwa-ruwa da ludayi ta zuba a kan ƙarfen, ta murza da bayan ludayin ya baje ya yi siriri, kusan irin wainar fulawar da yara ke saye a bakin makaranta sai dai ba manja. Ta barbaɗa garin busasshen kifi. Sai ta kamfato yankakken kabeji, ba ɗan kaɗan ba, tuli guda, har na ce a raina wannan baiwar Allah wa zai cinye wannan, ta ɗora tsiron wake a kai, sannan kayan haɗi, ta ɗan yayyafa ƙulli. Sai ta sa wasu 'yan ƙarafa biyu masu faɗin baki ta ɗaga tulin nan gaba ɗaya ta kifar da shi, wainar ta koma sama ta zama murfi, kabejin yana ƙasa yana turaruwa da ruwan jikinsa. Ba ta danna shi ba, ba ta yi gaggawa ba, ta ƙyale shi ta koma kan na wani. A gefe ta soya taliya, da tulin ya sauka ya yi laushi ta ɗauke shi ta ɗora kan taliyar, ta fasa ƙwai a kan ƙarfen ta baje, ta ɗauki duka ta ɗora kan ƙwan, ta sake juyawa, ƙwai ya dawo sama. Sannan ta shafa wata miya mai kauri baƙa-baƙa, ta barbaɗa garin wani koren ganyen teku, ta turo maka gabanka a kan ƙarfen. Wajen minti 15 zuwa 20 abin ke ɗauka. Ba faranti, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai faɗin baki za a ba ka, da shi za ka yanka da shi za ka kai baki, kuma tun da ƙarfen na da zafi lomar ƙarshe da ta farko duk zafinsu ɗaya.

Ga 'yan uwa Musulmi masu zuwa can, a kula sosai, don asalin abincin da siraran yankan naman alade ake yin sa, wasu shagunan ma da kitsensa suke soya taliyar, ita kuma miyar da ake shafawa ta yau da kullum akan sa mata ruwan nama da ɗan sinadarin giya. Cewa kawai a cire nama bai wadatar ba. Mu jagoranmu ya riga ya buga wa tsohuwar waya tun da safe, muka tarar ta kankare ɓangare guda na ƙarfen ta ware mana, da 'yan ƙarafan juyi daban, ta ɗauko kwalbar miya mai tambarin halal ta ajiye a gabanmu don mu gani da idonmu. A madadin nama ta sa mana jatan lande da kawa, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo, dama Hiroshima ce ta fi ko'ina noman kawa a Japan. Wani abokin kwas ɗinmu ya tsaya yana waswasin kawar, ni kam na ce masa mu Malikawa duk abin da ya fito daga ruwa ba mu da matsala da shi, na yi bisimilla. Abin da ya ba ni mamaki ma, ashe kamfanin Otafuku na nan Hiroshima da ya fi shahara da yin miyar nan, dabino yake sawa a ciki don zaƙi, dabinon nan dai namu na buɗa baki.

Daɗi fa? Gaskiya da daɗi, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ga bakin Bakabe zaƙin miyar ya ɗan yi yawa, kuma babu yaji ko kaɗan, da ina da ɗan ƙullin yajin ƙuli a aljihu da an ga aiki. Kabejin ne ya burge ni, ban taɓa sanin kabeji na da zaƙin kansa ba sai ran nan, mu da mun saba sai dai a yanka shi ɗanye a watsa kan shinkafa ranar biki. Ɗaya ya ishe ni har safe. Farashi a rubuce yake a bango da hoton kowane iri, abin da aka rubuta shi na biya, ba a ƙara mani ko yen ɗaya ba don an ga baƙar fata, kuma a can ba a ba ma'aikacin shago na goro, in ka bar canji ma sai ya biyo ka da shi.

A Osaka ma suna yin sa, amma su cakuɗa komai suke cikin ƙullin, da wata irin doya da suke gogawa a ciki, su soya da kauri, su zuba bama a kai da siraran busasshen kifi da ke motsi in zafi ya taɓa su. Garuruwan biyu kowa cewa yake nasa ne na gaske, kar ka kuskura ka yabi na Osaka a gaban tsohuwar nan.

Amma tarihin abin ne ya fi tsaya mani a rai. Kafin yaƙi ɗan abin taɓawa ne na yara, siririyar waina da ɗan ganyen albasa, da ƙaramin kwabo ake saye. Bayan bam gari ya zama toka, shinkafa ta yi wuya, abin da ake samu shi ne fulawar agaji da ke zuwa daga Amurka. Sai mutane suka riƙa soya ta a kan ƙarfe suna cika ta da kabeji don ciki ya ɗauka, da hali ya ɗan samu aka ƙara ƙwai da taliya da nama. Da yawa daga cikin masu sana'ar mata ne da yaƙi ya cinye mazajensu, sai mace ta gyara ɗan zauren gidanta ta kafa ƙarfe ta riƙa tuya tana ciyar da marayunta. A tsakiyar gari kuma, unguwar Shintenchi, rumfunan dare ne suka cika wani fili a shekarun 1950, da aka tashe su daga filin ba su watse ba, suka haɗu suka koma gini ɗaya. Yau ginin nan da ake kira Okonomimura, wanda na yanzu aka buɗe a 1992, shaguna sama da 20 ne a cikinsa hawa-hawa duk abinci iri ɗaya suke sayarwa, ɗaliban makarantu da Turawa da 'yan China layi suke bi. Wato abincin yunwa ne, abincin zawarawa da marayu, amma ba su ji kunyarsa ba, shi suke fara nuna wa baƙo.

To mu dawo gida, Malam Edita. Bikin Argungu tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Muna da gidan tarihin Kanta, muna da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ga bikin Uhola a Zuru, ga bikin Rigata a Yauri. Abin kallo ba mu rasa ba. Duniya ta ga dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, an fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Amma a bikin da ya dawo a 2020 bayan dogon hutun da aka yi, na raka wasu baƙi daga Legas, da rana ta yi suka ce su kifin Argungu suke son ci, kifin da aka yi tafiyar nan duka dominsa. Ina muka ƙare? Wani otal, aka kawo mana soyayyar shinkafa da cinyar kajin gidan gona da ta kwana a firiji, irin wadda za su samu a kowane lungu na Ikeja. A waje kuwa ga mata can suna suyar kifi, ga masu masa, ƙamshi na dukan hanci, amma a ƙasa suke cikin ƙura da rana, babura na wucewa suna bulbula musu hayaƙi, babu benci, babu ruwan wanke hannu, ana naɗe kifi a tsohuwar takardar jarrabawa. Baƙin suka leƙa suka ja da baya. Ni da na san daɗin abin na saya na ci, su kam suka koma Legas ba su ɗanɗana komai na Kabi ba.

Ba laifin matan nan ba ne, kar a fahimce ni a baibai. Inna mai masa da ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, wadda ta jiƙa shinkafa tun jiya ta kai niƙa ta bar ƙulli ya kwana ya tashi, tana juya masa a tanda da ɗan tsinken ƙarfe ba ta ƙona ko ɗaya ba, gwanintarta ba ta gaza ta tsohuwar Hiroshima da komai ba. Na tsaya na kalli duka biyun, na san abin da nake faɗa. Bambancin kawai waccan tana da rufi a kanta da famfo a gefenta da kujerar da baƙo zai zauna, kuma garinsu na alfahari da ita, tamu kuwa in manyan baƙi za su wuce ma korar ta ake daga bakin titi wai kar ta ɓata wuri. Mu da muke kiran kanmu gidan shinkafa, a Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, mu muka yi shinkafar Lake Rice da Legas a 2016, ga kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu ga na Labana a Birnin Kebbi, ga albasar Aliero da tireloli ke kwasa zuwa kudu, ga kifin Yauri, amma masa da miyar taushe da gasasshen kifi mun mayar da su abincin da ake ɓoye wa baƙo. Abin da ɗaure kai.

Na san wani zai ce Malam kai ma dai, ana ta kai wa ke ta kaya, mutanen Danko-Wasagu da Sakaba ba su iya zuwa gona, Lakurawa sun addabi yankin Augie da Arewa, kai kana maganar waina. Gaskiya ne, kuma babu baƙon da zai zo inda ba tsaro, wannan shi ne gaba da komai. Amma ku je ku duba su wa ke tuyar ƙosai da masa da awara a bakin titunan Zuru da Birnin Kebbi yanzu, da yawansu matan da aka kashe wa maza ne ko aka koro daga ƙauyukansu, tanda da kasko su ne gonarsu su ne albashinsu. Ba ina haɗa masifarmu da bam ɗin nukiliya ba ne, kowace da irin nata ciwon, sai dai hanyar da waɗancan matan suka bi suka tsaya da ƙafafunsu ita ce dai matanmu ke kai yau, kuma taimaka musu bai hana a yaƙi ɗan bindiga ba.

Abin da nake roƙo ba wani babban abu ba ne da sai an kafa kwamiti an tafi Dubai ganin yadda ake yi. A Argungu kusa da filin biki ko kusa da gidan tarihin Kanta, a samu fili a yi rumfuna masu rufin kwano da daɓen siminti, a ja ruwa ko a haƙa burtsatse mai sola, a yi magudana da bayi, a sa benci, a ba matan da dama can suke sana'ar a wurin, ba matan kansiloli da 'yan uwan ciyaman ba da za su karɓa su bayar haya. Kuɗin rumfa ya zama kaɗan wanda mai masa za ta iya biya daga cinikinta. A Japan duk mai sayar da dafaffen abinci sai ya samu izini daga ofishin lafiya na yankinsa kuma sai shagon na da wanda aka horar kan tsabtar abinci, mu ma ai muna da duba-gari tun zamanin En'e, a dawo musu da martabarsu su riƙa koyarwa suna dubawa, ba su zo karɓar na goro su wuce ba. A rubuta farashi a allo da Hausa da Turanci, don baƙon da aka yi wa tsada sau ɗaya ya tafi kenan, kuma sai ya gaya wa goma. A yi tuyar a gaban mai saye yana gani, wannan ma dama haka muke yi, shi ne ma abin da ya fi jan baƙo. Sannan in baƙo ya ce ba ya cin kaza, ko likita ya hana shi gyaɗa ko yaji, a saurare shi a gaya masa gaskiyar abin da ke cikin miya, yadda tsohuwar nan da ba ta san komai game da addinina ba ta ɗauki damuwata da muhimmanci.

Kuma ba lallai sai gwamnati ba. Masarautar Argungu na iya ba da fili, kamfanonin shinkafar nan da ke cin arziƙin fadamarmu na iya ɗaukar nauyin rufi da ruwa su manna sunansu in suna so, su kuma matan su yi ƙungiya da adashi yadda suka saba. 'Yan bokonmu da ma'aikata mu ma da namu, in baƙo ya zo maka daga Abuja ko Fatakwal daina kai shi cin abin da ya baro a gida, kai shi wajen mai masa ka zauna ka ci tare da shi. Matasanmu masu ɗaukar bidiyo a TikTok da Facebook su ma maimakon rawa da habaici su riƙa nuna wa duniya inda ake gashin kifi mai kyau a Yauri da inda ake fura mai kyau a Jega. Kuma wurin ya riƙa aiki duk shekara, direbobin hanyar Sakkwato da ɗalibai da masu zuwa cin kasuwa sun isa su riƙe shi, ba sai ranar biki kaɗai ba.

Ina fata wakilinku na Kebbi zai je Argungu ya zauna da matan nan ya tambaye su da bakinsu nawa suke kashewa a itace da mai da niƙa, nawa ke rage musu, sau nawa aka tashe su daga inda suke, a buga mu karanta. In kuma akwai wani jami'in ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido da ke ganin an riga an yi abin da nake faɗa, don Allah ya rubuto a wannan shafi ya gaya mana wurin, ni da kaina zan je in ci in biya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.